Tambaya: Shin gina sabon filin jirgin sama yana bunƙasa tattalin arzikin yanki da yawon buɗe ido?

Habibu ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da tambaya da nake so masana tattalin arziki, da injiniyoyi, da waɗanda suka san harkar sufurin jiragen sama su taimaka mini da bayani a kanta. A ƙasashe da dama, duk lokacin da gwamnati ta tashi maganar raya wani yanki da yake nesa da babban birni, ɗaya daga cikin ayyukan da ake fara ambata shi ne gina sabon filin jirgin sama. Hujjar da ake kawowa kusan iri ɗaya ce a ko'ina: za a samar da ayyukan yi, masu zuba jari za su sami sauƙin zuwa, 'yan yawon buɗe ido za su yi ta tururuwa, otal-otal za su cika, manoma da masu sana'a kuma za su sami hanyar fitar da kayansu zuwa kasuwannin waje cikin sauri.

Hujjar tana da ma'ana, domin babu wanda zai musa cewa tafiyar awa ɗaya a jirgi ta fi tafiyar awa goma a mota sauƙi, musamman ga baƙon da hutunsa bai wuce mako guda ba. Amma kuma ina yawan cin karo da labaran filayen da aka kashe maƙudan kuɗi aka gina, aka yi gagarumin bikin buɗewa, daga baya aka wayi gari babu jirgin da ke sauka sai na manyan jami'ai jefi-jefi. Abin da nake son fahimta shi ne, me yake bambanta filin da ya yi albarka da wanda ya zama nauyi a wuyan gwamnati? Akwai wani adadin fasinjoji da ake buƙata kafin fili ya iya ɗaukar nauyin kansa? Idan kuma yanki yana da wuraren tarihi ko wasu kyawawan wurare da suka cancanci a ziyarta, shin rashin filin jirgi ne yake hana baƙi zuwa, ko akwai abin da ya gabace shi? Zan ji daɗi idan aka kawo misalan abubuwan da suka faru a zahiri.

Injiniya Sa'idu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Zan fara daga ɓangaren kuɗi, domin a nan ne yawancin irin waɗannan ayyuka suke tuntuɓe. Jama'a sun fi mayar da hankali kan kuɗin gini, alhali shi sau ɗaya ake kashe shi, kuɗin gudanarwa kuwa kowace shekara yake dawowa, ko jirgi ya sauka ko bai sauka ba. Filin da aka ba wa izinin karɓar jiragen fasinja dole ne ya kasance da 'yan kwana-kwana da motocinsu cikin shiri, gwargwadon girman jirgin da zai sauka, kamar yadda ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, suka tanada. Dole a sami ma'aikatan hasumiya, da masu binciken kaya da fasinjoji, da masu duba yanayi, da wutar lantarki da ba ta yankewa saboda fitilun titi da na'urorin da ke yi wa matuƙi jagora, da shingen da zai hana dabbobi shiga, har da masu korar tsuntsaye. Idan fili na ƙasa da ƙasa ne, sai a ƙara jami'an shige da fice da na kwastam da na lafiya. Albashin waɗannan mutane ɗaya ne, ko jirage 2 ne suka sauka a rana ko 20.

A kan adadin fasinjoji da ka tambaya, ƙa'idojin da Tarayyar Turai ta fitar a 2014 game da tallafin gwamnati ga filayen jiragen sama sun ba da ma'auni mai amfani. A cikinsu an bayyana cewa filin da fasinjojinsa ba su wuce 200,000 a shekara ba, da wuya ya iya biyan mafi yawan kuɗin gudanar da shi, wanda yake tsakanin 200,000 da 700,000 ma yakan kasa biyan kaso mai yawa, kuma sai fili ya haura fasinjoji miliyan 3 ne ake ɗaukar cewa a bisa al'ada zai iya cin riba. Wannan lissafin Turai ne, inda albashi yake da tsada, amma yana nuna inda matsalar take. Ka ƙaddara jirgi mai kujeru 70 yana zuwa sau ɗaya a rana, yana sauka da mutum 49 yana tashi da 49, wato ya cika kashi 70 cikin 100. Wannan bai kai fasinjoji 36,000 a shekara ba. Kafin a kai 200,000 sai irin wannan jirgi ya riƙa zuwa kusan sau 6 kowace rana, rani da damina, ba fashi. Duk wanda ya kawo shawarar gina fili, ya kamata a tambaye shi daga ina waɗannan mutane za su fito, kuma me zai kai su.

Sifaniya ce ta fi kowace ƙasa barin mana darasi a wannan fage. An buɗe filin Ciudad Real a ƙarshen 2008, a nisan kusan kilomita 200 kudu da Madrid, bayan an kashe sama da yuro biliyan 1, kuma an yi masa titin sauka da tashi mai tsawon kimanin kilomita 4, wanda jirgin fasinja mafi girma zai iya sauka a kai. Garin da aka gina shi a kusa da shi kuwa mazaunansa ba su kai 80,000 ba. Tunanin masu aikin shi ne zai ɗebi fasinjojin da suka yi wa Madrid yawa, ta hanyar haɗa shi da layin jirgin ƙasa mai gudu da ya bi ta kusa da wurin, sai dai tashar jirgin ƙasan ba ta tabbata ba. Jiragen fasinja suka daina zuwa a 2011, aka rufe filin a 2012, kuma da aka sa shi gwanjo a 2015, tayin da aka samu a wannan zagaye na yuro 10,000 ne kacal. Ka lura cewa wannan aiki na 'yan kasuwa ne, ba na gwamnati ba, amma bankin yankin da ya ba da bashi mai yawa a kansa ya shiga halin da sai da babban bankin ƙasar ya karɓe shi a 2009, ke nan ɗawainiyar ta koma kan jama'a ta wata ƙofa. A Castellón ma an yi bikin buɗe fili a watan Maris na 2011, jirgin fasinja na yau da kullum bai fara sauka ba sai a Satumban 2015.

Kotun Binciken Kuɗi ta Tarayyar Turai ta duba filaye 20 a Estoniya da Girka da Italiya da Poland da Sifaniya, waɗanda suka ci yuro miliyan 666 na kuɗin Tarayyar, ta fitar da rahoto a ƙarshen 2014. Ta gano cewa an yi wa da yawa daga cikinsu gini fiye da buƙata, wasu sun yi kusa da juna har suna rabon fasinja ɗaya, hasashen yawan matafiya ya zarce gaskiya, kuma 7 daga cikin 20 ɗin ba za su iya tsayawa da ƙafarsu ba sai da tallafi.

Abin da nake ganin ana mantawa da shi shi ne, gwamnati tana da ikon gina fili, amma ba ta da ikon tilasta wa kamfanin jirgi ya sauka a cikinsa. Kanada ta gwada hakan a Mirabel, wanda aka buɗe a 1975 a wajen Montreal aka kuma umarci jiragen ƙasashen waje su koma can. Fasinjoji da kamfanoni suka ƙi jinin nisansa da wahalar sauya jirgi tsakaninsa da tsohon filin, a ƙarshe jiragen fasinja suka bar shi gaba ɗaya a 2004.

Hajiya Maryam ta amsa:

Na gode wa Injiniya da wannan bayani, kuma ban ga abin da zan musa a cikin alƙalumansa ba. Sai dai ina tsoron kada mai karatu ya fita da tunanin cewa kowane sabon fili asara ce, alhali akwai wuraren da ba domin filin jirgi ba da yau ba wanda ya san sunansu.

Cancún a Meziko tsibiri ne da ba kowa a cikinsa sai 'yan tsirarun masunta a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da babban bankin ƙasar ya zaɓe shi domin a mayar da shi wurin shaƙatawa. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe otal-otal na farko da filin jirgi, kuma a 2022 fasinjojin wannan fili sun haura miliyan 30. Abin lura shi ne ba filin kaɗai aka gina aka zauna jiran baƙi ba. An kafa hukuma ta musamman da ta tsara garin baki ɗaya, aka shimfiɗa tituna, aka kai ruwa da lantarki, aka gina unguwannin ma'aikata, gwamnati da kanta ta sa kuɗi a otal-otal na farko da 'yan kasuwa suka yi ɗari-ɗari. Ga kuma kasuwa a kusa, domin manyan biranen Amurka tafiyar awanni kaɗan ce daga can, kuma mutanensu suna da kuɗin kashewa da sanyin hunturu da suke gudu.

A Punta Cana ta Jamhuriyar Dominika ma otal ne ya riga fili. Masu zuba jari sun fara gina masauki, suka ga baƙinsu suna shan tafiyar awanni a mota daga Santo Domingo, sai suka gina filin da kuɗinsu, aka buɗe shi a ƙarshen 1983 da ɗan ƙaramin gini. Da baƙi suka ƙaru aka riƙa faɗaɗa shi, har ya zama filin da ya fi kowanne hada-hada a ƙasar. Masu otal ɗin sun san adadin gadajensu, sun san kwana nawa baƙo yake yi, don haka sun san kujeru nawa suke buƙata a mako tun kafin su zuba kwalta. Wannan shi ne irin lissafin da ba na gani a yawancin ayyukan da ake sanarwa a dandalin siyasa.

Misali na uku ya fi ba ni sha'awa, saboda an yi masa dariya tun yana kan takarda. A yammacin Ireland, wani limamin coci mai suna James Horan ya dage sai an gina fili kusa da garin Knock, a kan wani tudu mai dausayi da hazo, 'yan siyasa da 'yan jarida suka yi ta yi masa ba'a. An buɗe filin a hukumance a 1986, kuma a 2019 fasinjojinsa sun haura 800,000. Abin da ya cece shi shi ne buƙatu biyu da suke nan tun kafin a gina shi: masu ziyarar ibada zuwa Knock, da kuma ɗimbin 'yan yankin da suka yi ƙaura zuwa Birtaniya neman aiki, waɗanda ke son hanya mai sauƙi ta zuwa ganin gida. Duk da haka har yanzu yana cikin filayen da gwamnatin ƙasar ke tallafa wa, kuma wannan ya yi daidai da ma'aunin da Injiniya ya kawo.

Game da tambayarka ta ƙarshe, Malam Habibu, kyawun wuri shi kaɗai ba ya cika jirgi. Pokhara a Nepal tana daga cikin wuraren da masu hawan duwatsu suka fi so a duniya, ita ce mashigar tsaunukan Annapurna, kuma baƙi suna zuwanta tun da daɗewa. An buɗe mata sabon filin ƙasa da ƙasa ranar 1 ga Janairun 2023 da bashin kimanin dala miliyan 216 daga bankin Exim na ƙasar Sin, amma aka shafe lokaci mai tsawo babu jirgin ƙasashen waje da ke zuwa a kai a kai, sai jiragen cikin gida, waɗanda dama suna sauka a tsohon filin. Baƙon da ya taso daga Turai ko gabashin Asiya ya saba sauka a Kathmandu, babban birnin ƙasar, inda kamfanoni suke da ma'aikata da abokan hulɗa da fasinjoji iri-iri, daga can ya ƙarasa. A Sri Lanka kuma an buɗe filin Mattala a watan Maris na 2013 a kan dala miliyan 209, mafi yawansu bashi ne, a yankin da ke kusa da gandun namun daji da gaɓar teku. Kamfanin jiragen ƙasar da kansa ya janye a farkon 2015, har ta kai an yi amfani da rumbunan kayansa wajen adana shinkafa.

Mai shirya wa baƙi tafiya abin da yake tambaya kafin ya sa sunan wuri a jadawalinsa shi ne, akwai tsaro? Biza tana samuwa cikin sauƙi? Akwai gadaje masu tsafta da za su ɗauki mutum 150 a dare ɗaya? Daga filin zuwa wurin da ake son gani, titin yana da kyau? Akwai asibitin da za a kai baƙo idan ya faɗi? Idan amsoshin nan ba su gamsar ba, ko an yi wa filin ado da zinariya jirgin haya ba zai zo ba. Idan kuwa sun gamsar, za ka tarar baƙi sun riga sun fara zuwa ta mota duk da wahala, kuma yawansu shi ne hujja mafi ƙarfi da za a kai wa kamfanin jirgi.

Habibu ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, Injiniya da Hajiya. Na fahimci cewa a inda aka yi nasara, buƙata ce ta riga gini, ko kuma an gina komai tare. To amma akwai yankunan da ba za su taɓa tara fasinjoji 200,000 ba, kamar tsibirai da garuruwan da ke bayan duwatsu ko cikin hamada, kuma su ma 'yan ƙasa ne da suke da marasa lafiya da ɗalibai da 'yan kasuwa. Shin sai a ce su haƙura ke nan saboda lissafi bai fita ba? Sannan babu wanda ya taɓo maganar fitar da kayan gona, wadda ake yawan kafa hujja da ita.

Dakta Aminu ya amsa:

Malam Habibu, ba a ce su haƙura ba. Abin da ake buƙata shi ne gwamnati ta faɗi gaskiyar abin da take ginawa. Fili na iya zama hidima ga jama'a kamar asibiti ko makaranta, wanda ba a sa ran ya dawo da kuɗinsa, kuma yana iya zama jari da ake sa ran ya haifar da riba. Matsala tana tasowa ne idan aka gina na farko aka sayar wa jama'a da shi da sunan na biyu, domin a lokacin ne ake cin bashi mai nauyi bisa dogaro da kuɗin shigar da ba zai zo ba, kuma ba a ware kuɗin gudanarwa a kasafi saboda an ce filin zai ciyar da kansa.

Norway ta bi hanya ta farko ido buɗe. Daga ƙarshen shekarun 1960 ta gina jerin ƙananan filaye a gaɓar tekunta da arewacinta, masu titi na kimanin mita 800 kacal, daidai da ƙananan jiragen da kamfanin Widerøe yake amfani da su. Kamfanin gwamnati mai suna Avinor ne ke tafiyar da filaye sama da 40 a ƙasar, kuma ribar da 'yan kaɗan daga cikin manya suke samu, musamman na Oslo, ita ce ke rufe giɓin sauran. Hanyoyin da ba su da riba kuma gwamnati tana ba da kwangilarsu ga kamfanin da ya nemi tallafi mafi dacewa. Amurka ma, da ta sakar wa kamfanonin jirage mara a 1978, ta san za su gudu daga ƙananan garuruwa, sai ta kafa shirin tallafi da har yau yake biyan kamfanoni domin su ci gaba da sauka a garuruwa fiye da 100. A duka ƙasashen biyu ana muhawara a kan tsadar abin, amma kowa ya san nawa ake biya da kuma dalilin biyan.

Indiya ta gwada amfani da tallafi na ɗan lokaci domin ta haifar da kasuwa. Ta ƙaddamar da shirin UDAN a 2016, jirgin farko ya tashi tsakanin Shimla da Delhi a Afrilun 2017, kuma tsarin shi ne a ƙayyade farashin wani kaso na kujeru, a biya kamfani giɓin har shekara 3, da fatan bayan nan hanyar za ta tsaya da kanta. Shirin ya farfaɗo da filaye da yawa da aka yi watsi da su, wannan gaskiya ne. Amma rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasar a 2023 ya nuna cewa daga hanyoyi 774 da aka ba da a zagayen farko-farko, 371 ne suka fara aiki, 112 suka cika shekara ukun, kuma 54 kaɗai suka ci gaba bayan tallafi ya ƙare. A ganina wannan ba hujja ba ce ta cewa shirin banza ne, domin ta wannan hanya an gano wuraren da suke da fasinja na gaske da kuɗin da bai kai na gina sababbin manyan filaye ba.

Akwai kuma haɗarin dogaro da kamfani ɗaya, wanda ƙananan filaye suke yawan faɗawa ciki. Charleroi a Beljiyam ƙaramin fili ne a garin da masana'antunsa suka durƙushe, sai kamfanin jiragen sama na Ryanair ya mayar da shi sansaninsa a 2001 bayan an yi masa rangwame mai yawa, har sai da maganar ta kai gaban hukumomi da kotun Tarayyar Turai. A 2019 fasinjojinsa sun haura miliyan 8, kuma dalili a fili yake: Brussels tana kusa, yankin cike yake da jama'a. Filin Hahn a Jamus ya bi wannan tafarki, ya kai kusan fasinjoji miliyan 4 a 2007, amma yana da nisan kimanin kilomita 120 daga Frankfurt, kuma da Ryanair ya rage jiragensa ya fara sauka a babban filin Frankfurt, sai Hahn ya yi ta ja da baya har ya kasa biyan basussukansa a 2021. Jirgi dukiya ce mai fukafukai, mai shi yana iya ɗauke shi zuwa wata ƙasa cikin mako guda, titin da aka shimfiɗa kuwa yana nan inda yake.

Ina so in ja hankali kan alƙaluman ayyukan yi da ake bayarwa a irin waɗannan sanarwa. Ayyukan gini na ɗan lokaci ne, suna ƙarewa ranar da ɗan kwangila ya kwashe kayansa. Wani kaso na fasinjojin sabon fili kuma ba sababbi ba ne, mutanen da a da suke tashi daga filin maƙwabta ne, don haka ƙasa ba ta ƙaru da komai ba, an dai raba abin da ake da shi gida biyu. Jirgin da ya kawo baƙi ma ba ya komawa fanko, yana ɗaukar 'yan yankin masu hali zuwa hutu da sayayya da asibiti a wani wuri, kuɗinsu ya bi su. Tambayar da ta fi dacewa ita ce, da wannan kuɗin aka zuba a titi mai kyau ko layin dogo zuwa filin da yake akwai, wanne zai fi amfanar mutane masu yawa?

A kan kayan gona, kusan rabin kayan da ake ɗauka ta sama a duniya, kafin annobar korona, a cikin jiragen fasinja suke tafiya, a ƙarƙashin kujeru. Filin da ba shi da jiragen fasinja masu yawa ba shi da wannan dama. Jirgin ɗaukar kaya zalla kuwa yana son ya zo da lodi ya koma da lodi, yana son ɗakunan sanyi da jami'an da za su tantance lafiyar amfanin gona bisa sharuɗɗan ƙasar da za a kai. Kenya tana cikin manyan masu fitar da furanni a duniya, kuma da yawa daga cikin gonakin suna kewayen tafkin Naivasha, amma a motoci masu sanyi ake kai furannin filin Nairobi, inda jirage da dillalai suka taru.

Injiniya Sa'idu ya ƙara da cewa:

Dakta ya kawo maganar titin mita 800 na Norway, kuma ina so in ɗora a kai, domin girman fili shi ne inda ake iya ceton kuɗi mafi yawa. Jirgi mai farfela irin ATR 72, mai ɗaukar mutum kusan 70, titin da bai wuce mita 1,500 ba yakan ishe shi a yawancin wurare. Boeing 737 ko Airbus A320 suna son tsakanin mita 2,000 da 2,500, manyan jirage masu dogon zango kuma mita 3,000 ko fiye, kuma idan wurin yana kan tudu ko yana da zafi sosai sai an ƙara tsawo, saboda iskar ba ta da kauri. Kowane mataki yana ƙara faɗin titi da kaurinsa, da yawan motocin kashe gobara, da girman ginin fasinjoji. Shawarar da ta fi dacewa ita ce a mallaki fili mai faɗi tun farko, a hana gine-gine a kewayensa domin gaba, amma a gina daidai da jirgin da aka tabbatar zai zo a shekarun farko, kuma a sami rubutacciyar yarjejeniya da kamfanin jirgi kafin a fara aiki. Hasashen fasinjoji ma bai kamata a bar shi a hannun kamfanin da ke neman kwangilar ginin ba.

Tsibirin Saint Helena, mallakar Birtaniya a kudancin Tekun Atlantika, ya haɗa tambayar Malam Habibu ta biyu da wannan batu. Mazaunansa ba su kai 5,000 ba, kuma a da sai an yi kwana 5 a jirgin ruwa daga Cape Town kafin a isa, don haka buƙatar fili a nan ba abin musu ba ce. Birtaniya ta kashe kimanin fam miliyan 285 ta gina shi, da fatan yawon buɗe ido zai rage dogaron tsibirin da tallafi. Sai a 2016, da aka gwada saukar Boeing 737, aka ga cewa iska tana sauya ƙarfi da alkibla ba zato a bakin titin saboda duwatsun da ke gefensa, abin da ya sa saukar irin wannan jirgi a kai a kai ta zama haɗari. Aka ɗage fara aiki har zuwa Oktoban 2017, lokacin da kamfanin Airlink ya fara zuwa daga Johannesburg sau ɗaya a mako da jirgi ƙirar Embraer, wanda ya fi ƙanƙanta, kuma ba a cika masa kujeru saboda nauyi. Filin ya amfani mazauna sosai, musamman wajen fitar da marasa lafiya cikin gaggawa, amma yawan baƙin da aka yi lissafi da shi an gina shi ne a kan babban jirgi. Saboda haka nazarin iska da hazo da yanayin ƙasa na shekaru, a daidai wurin da za a shimfiɗa titin, yana cikin abubuwan da za a nema a gani tare da lissafin fasinjoji kafin majalisa ta amince da bashin.